Warin da Na Guje Wa

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaga sama, ya ba tsuntsu fiffike, ya ba kifi ruwa, ya kafa wa ɗan Adam hanci a tsakiyar fuska. Ku matso kusa, jama'a. Mai tari ya yi tarinsa yanzu, mai goro ya ɓare abinsa, domin in na ɗauko zance ba na son a tsinka mini shi a tsakiya.

Sunana Korau. A zamanin da abin nan ya faru, ni ne babban mai sayar da turare a birnin Zarmada, birni mai ƙofa tara a gaɓar kogin Balasa. Miski da jibda da sandal, babu wanda ba ya cikin rumfata. In na ratsa kasuwa da hantsi, har azahar ana cewa Korau ya wuce ta nan. Ina jin daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata.

Shekara goma sha ɗaya ban taka gidanmu ba, alhali gidan yana bayan ganuwa ne kawai, tafiyar da ba ta kai a dafa wake ba. Rannan ina zaune sai ga ƙanwata Kande tsaye a bakin rumfa, ko gaisuwa ba ta yi ba.

Ta ce, "Yaya, Baba ya yi zazzaɓi ya tashi, amma hankalinsa bai tashi tare da shi ba. Na ɗauko shi, yana gidana. In kana ganin kana da uba, ka zo."

Na same shi zaune a kan tabarma, ya rame, wuyansa kamar na tsohon zakara. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni da fara'a, ya gyara zama, ya ce, "Maraba da baƙo. Daga wane gari? Kande, kawo wa baƙo ruwa."

Na ce, "Baba, ni ne."

Ya ce, "Madalla, madalla. Yaya mutanen gida?"

Ku sani akwai wani babban laifi da na yi wa tsohon nan, kuma duk shekarun nan ina ce wa kaina gobe zan je in roƙi gafara, goben ba ta zo ba. Sai na dafa ƙafarsa na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya yi dariya ya ce, "Me ka yi mini, bawan Allah? Na yafe, na yafe." Haka yake yafe wa akuyar da ta zubar masa da kunu. Na fito raina a jagule, don wanda na yi wa laifin ba shi ne ya yafe mini ba.

Babu abin da ban yi ba. Na kawo masu rubutu, na kawo masu saiwa, na turara ɗakin da turaren da ko attajirai ba na sayar wa. Tsoho ya yi ta atishawa yana yi wa baƙo mai kirki addu'a. Kullum na zo sai ya tambaye ni daga wane gari.

Akwai wani madugu mai suna Barmo, tsoho mai jakuna shida, da ke kawo mini ƙaro daga ƙasashen gabas. Shi ya ba ni labarin birnin Munzar. Ya ce mutanen can ba sa mantuwa, don sun san yadda ake ɗaure tunani da hanci, kuma akwai wata tsohuwa a can, Iya Marzuma, wadda ake kai wa matsalar waɗanda hankalinsu ya gushe. Ban tsaya shawara ba, na ce zan bi shi. Da na je sallama, Kande ta rako ni zaure ta ce, "Ya daina cin tuwo, sai kunu. Ban ga alamar zai kai girbi ba." Lokacin kuwa gero ya wuce gwiwa.

Tsakaninmu da Munzar akwai Garmaza, filin ciyawa da ba a san iyakarsa ba. Ciyawar ta fi mai raƙumi tsawo, ba hanya, ba tudu, ba itace. Rijiyoyin wurin a ɓoye suke, ido ba ya ganinsu sai ƙafa ta kusa faɗawa. Mutanen da suka haƙa su sun shuka wani ɗan tsiro mai yaji-yaji a bakin kowace rijiya. Su kuma madugai, tun jaki yana shan nono ba sa ba shi ruwa sai an murza ganyen tsiron nan a bakin komi. Haka jaki ke girma, ƙamshin ganyen da ruwa sun zama abu ɗaya a kansa. Jagoranmu wani baƙin jaki ne da ake kira Duna, wanda ya ratsa Garmaza sau ashirin da bakwai.

Kafin mu shiga, Barmo ya ce, "Mai turare, doka ɗaya ce. Ka yi wanka da sabulun salo, ka sa rigar da ba ta taɓa shiga rumfarka ba, ka bar kowace kwalba a gida. Hancin Duna shi ne ranmu."

Na yi wanka, na canza riga. Amma ni mutum ne da ba ya iya jure warin jikinsa ko na yini ɗaya, sai na cusa 'yar kwalbar jibda a cikin naɗin rawanina, na ce ai a toshe take. Kun ji wautar babban mutum.

A rana ta uku zafi ya sassauta murfin. Ni kuma saboda gaggawa kullum ina gaba, kafaɗa da kafaɗa da Duna, sai ka ce hakan zai rage tafiya. Na ji danshi a ƙeyata, na ji ƙamshin, na ja bakina na yi shiru. Duna ya fara hura hanci yana kaɗa kai, ya yi dama, ya dawo hagu. Yinin nan ba mu ga rijiya ba. Washegari ma haka. Salkunanmu suka motse, harshena ya bushe kamar tsumma. Sannan muka fara jin motsi a cikin ciyawa ta bayanmu, in mun tafi ya biyo, in mun tsaya ya tsaya.

Barmo ya ce da ƙaramar murya, "Kyarketai ne. Su ma sun yi karatunsu. Sun san duk inda aka ji turare a Garmaza akwai baƙon da bai ji magana ba, kuma irin wannan baƙo ba ya daɗewa a tsaye." Ya juyo ya dube ni. Hancinsa ya daɗe da mutuwa saboda shaƙar taba, amma idonsa yana nan daram.

Na warware rawanin, na miƙa masa kwalbar. Na so a ce ya zage ni, ko ya sharara mini mari. Sai kawai ya ce, "Da ka gaya mini kwalbar nan ta fi maka ubanka, da ban wahalar da jakunana ba."

Ya bar ni tsaye da wannan magana, ya kutsa cikin ciyawa. Can ya sami wata zabuwa kwance kan ƙwai, ya jefa mata riga ya kama ta da rai. Ya yage rawanina, ya juye sauran jibdar a kan ƙyallen, ya ɗaura mata a ƙafa, ya sake ta ta inda iska ke tafiya. Ta tashi da kuka ta yi yamma, sai muka ji ciyawa ta ɗauki gudu ta bi ta. Ni kuwa ya sa na tuɓe na binne rigata, na goge jikina da ƙasa da kashin jaki, ya jefo mini tsohuwar taguwarsa, ya kora ni can ƙarshen layi. Sauran ruwan da ya rage mana, wanda bai cika baki ba, ya jiƙa tsumma da shi ya goge wa Duna hanci a hankali, yana yi masa magana kamar mai lallashin jika.

Sai muka tsaya jira. Ban taɓa zuba wa wani abu ido a duniya ba kamar yadda na zuba wa hancin jakin nan. Ina ta lissafin yadda za a gaya wa Kande na mutu, ko ma ba wanda zai gaya mata. Sai da inuwa ta juya sannan Duna ya ɗaga kai, ya buɗe hanci, ya miƙe arewa ba waiwaye. Da la'asar muka sha ruwa.

Bayan kwana goma sha biyar muka fito daga ciyawa muka hau wani tudu. A ƙasa ga wani kwari mai faɗi, fari fat da ƙananan furanni irin furen albasa, can ƙetarensa kuma ga ganuwar Munzar. Barmo ya ce shi zagayawa yake yi ta bayan duwatsu, kwana ashirin. Ta cikin kwarin kuwa rabin yini ne, amma furannin nan suna ba kowane mutum ƙamshin abin da zuciyarsa ta fi kewa, sai ya zauna ya ƙi tashi. Na tuna gero, na ƙirga kwanaki, na ce ta kwari zan bi.

Ya ba ni kakin zuma, da ɗan kilishi da ƙullin yaji don guzuri. Ya ce, "Toshe hancinka da kakin, ka riƙa numfashi ta baki. Kada ka tsaya ko ƙaya ce ta soke ka. Allah ya sa mu gana."

Na gangara. Ban yi nisa ba na fara ganinsu: mutane zaune cikin fure, wani rungume da gwiwarsa, wata ta miƙa hannu biyu kamar mai karɓar jariri. Wasu suna numfashi, wasu sun daɗe da bushewa, kuma duk da murmushi a fuskarsu. Tsoro ya kama ni na sa gudu. Gudun ne ya cuce ni, don gumi da rana suka narkar da kakin, ya zubo a kan leɓena.

Na zaci ƙamshin wardi zan ji, ko na wani ambar da ban taɓa samu ba. Ina! Abin da ya daki hancina wari ne. Warin ɗanyar fata da ta kwana uku a ruwan toka, da kashin tattabara, da ɗacin bagaruwa.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban gaya muku sana'ar ubana ba, kuma da gangan na ƙi. Majemi ne. A majema aka haife ni, inda mutanen birni ke toshe hanci in sun zo wucewa. Warin nan na guje wa shekara goma sha ɗaya, ga shi ya same ni a ƙarshen duniya. Na zauna daɓas.

Sai ga ni ɗan shekara bakwai, zaune a kan ƙirgi. Uwata tana da rai, tana daka bagaruwa, Baba ya sunkuya kan kwatarniya, hannunsa baƙi har gwiwar hannu. Ba tunawa nake yi ba fa, ina can ne. Har sanyin laka na ji a tafin ƙafata. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka binne uwar tawa, kuma ba na son komai a duniya sai a bar ni a wurin. Da ubana mutum ne mai lallashi, da yanzu ƙasusuwana suna cikin furen nan. Amma shi bai taɓa ganin yaro zaune ya ƙyale shi ba. Ya ɗago kai daga kwatarniyar, ya faɗi maganarsa ta kullum: "Fata ba ta jiran malalaci."

Hannuna ya lalubi jaka, na kwance ƙullin yajin, na shaƙe shi duka. Ba na fatan ko maƙiyina ya ji abin da na ji. Atishawa, hawaye, majina, kai kamar an zuba masa garwashi. Amma hanci ya toshe, majema ta ɓace, na tashi ina tangaɗi ina lalube har na isa ƙofar Munzar.

Masu gadin ƙofar ba sa tambayar suna. Suka kama wuyan hannuna suka shinshina, babbansu ya ce, "Tsoro, da yaji, da jaki. Ba mugu ba ne. Shiga." Ashe haka suke gaisuwa a garin. Kowa yana rataye da ƙananan tanduna, 'yan gorunan fata irin na zuba mai, a wuya da ƙugu. Na ga makaranta inda malami ke buɗe tandu kafin ya fara darasi, ya zaga da shi kowa ya shaƙa, in ya gama ya rufe. Darasin taurari da nasa ƙamshi, na magani da nasa. Na ga wani alƙali da wata shari'a ta shekara talatin ta kwanta masa, ya laluba wuyansa ya shaƙi tandu ɗaya, ya zayyano ta har da sunayen shaidu. Raina ya yi fari, na ce lalle maganin Baba yana garin nan.

Iya Marzuma ba a fada na same ta ba, a garke na same ta, gajeruwar tsohuwa da kashin tumaki a ƙafa. Na zube na faɗi buƙatata, na roƙe ta ta ba ni tandun da ke dawo da hankali.

Ta ciro ɗaya daga wuyanta ta miƙo mini. Na shaƙa. Ta ce, "Me ka tuna?"

Na ce, "Ba komai, Iya. Ɓawon lemo ne da ɗan hayaƙi."

Ta ce, "Ni kuwa ranar da na haifi 'yata ce duka a ciki, har da ruwan da aka yi. Ka gani, ɗana? Tandu ba ya ɗauke da komai. Ƙamshi igiya ce kawai, abin da aka ɗaure da ita yana cikin kan mai shi. Duk birnin nan babu igiyar ubanka."

Na bar tsoho yana ƙarewa, na kusa kashe Barmo da jakunansa, ashe banza na zo nema. Ta ga yadda fuskata ta koma, ta ce in biyo ta. A lungun garken akwai wata tunkiya da ɗanta ya mutu da safiyar, da wani ɗan rago da uwarsa ta mutu. Duk sa'ad da marayan ya matso zai sha, sai tunkiyar ta tunkuɗe shi. Tsohuwa ta feɗe mataccen, ta sa wa marayan fatar kamar riga, ta tura shi. Tunkiya ta shinshina bayansa, ta daɗe tana shinshinawa, sannan ta buɗe ƙafa ta bar shi ya sha.

Iya ta ce, "Ba ta ido take sanin nata ba. Kai da wane wari ubanka ya san ka?" Ta kama wuyan hannuna ta kai hanci. "Ƙarƙashin jaki da yaji akwai turaren shekaru, ya shiga nama. Ƙarƙashinsa kuma ban ji kowa ba. Wa kake ɓoyewa?"

Nan na kwance mata komai. Ranar da na buɗe rumfata, manyan fatake suna zaune, sai ga Baba ya taho daga wurin aiki, don ɗoki ko hannu bai wanke sosai ba. Ya kawo mini farin buzu da ya jeme da kansa in riƙa zama a kai. Fataken suka yamutsa fuska, ɗaya ya tambaya wane ne wannan. Na ce, "Wani majemi ne da ke kawo mana fata." Na kuma ce ya ajiye a waje. Ya ajiye a ƙasa, ya juya ya tafi.

Tsohuwa ta ce, "Maganin yana bayan ganuwarku. Koma majema ka yi aiki har warin ya riƙa fitowa tare da guminka. Shafawa ba ta yi, tsoho ne a sana'a, zai bambance. Amma dubi can." Ta nuna mini wata saniya ɗaure da igiya biyu, rabin bayanta tabon ƙuna. "Daga gobara aka fid da ita shekara shida. Har yau ko hayaƙin murhu ta ji sai ta tsinka igiya. Hanci buɗe ƙofa kawai yake yi, ba ya zaɓen wanda zai fito. In ubanka ya tuna ka, yana iya tuna ranar buzun nan da zafinta sabo kamar yau aka yi. Yanzu yana sonka, yana sa maka albarka a matsayin baƙo, kana iya barinsa ya tafi a haka. In ka tashe shi, mai yiwuwa ya yi maka baki ya tafi."

Na ce, "Iya, ke me kika gani?"

Ta ce, "Ni ba ubana ba ne."

Kogin Balasa daga duwatsun Munzar yake fitowa. Ƙarfinsa ba ya barin jirgi ya hau, amma yana gangarar da shi, sai aka sa ni a kwalekwale. Kwana tara muka yi. An ce mun wuce garin da aka gina a kan itatuwa da dutsen da ke fitar da ruwan zafi, ni dai ban ga komai ba sai gonaki. Gero ya fid da kai, da muka ƙara gangarowa na ga ya fara nuna. Kullum ina juya maganar tsohuwa a raina, da safe in ce zan bar shi, da yamma in ce zan tashe shi.

Na tarar ya kwanta, kunun ma sai kurɓi uku. Na leƙa, ya ce, "Maraba da baƙo," da muryar da ba ta kai bakin ƙofa ba, ya kuma sa mini albarka. Zuciyata ta ce, ga albarka nan, karɓi ka rufe bakinka. Amma na san ba ni aka sa wa ba.

Kande ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Ina maganin?"

Na ce, "Yana majema."

Ta ce, "Wata guda da ɗoriya, ka dawo hannu Rabbana kana yi mini zancen majema. Yaya, ka ji tsoron Allah." Na fita na nufi majema.

Kwatarniyoyin Baba sun cika da ruwan sama da kwaɗi. Majeman unguwa suka tsaya suna kallona, ba wanda ya ce sannu. Daga bisani wani tsoho daga cikinsu ya jefo mini fatun awaki uku da kartajin Baba, wuƙar nan mai ƙota biyu ta kankare gashi. Yinin farko sau biyu na yi amai. Amma da warin ya cika mini kai, sai hannuna ya tuna abin da ni na manta: yawan tokar da ake zubawa, da yadda ake kwantar da kartaji don kada ya huda fata. Na daina taɓa sabulu, na tare a rumfar majema. Ina aiki ina kallon hanyar birni, duk macen da na hango da mayafi sai in zaci labarin mutuwarsa aka kawo.

Na yi niyyar kwana bakwai. A rana ta biyar da hantsi sai ga Kande da kanta, ta tsaya nesa ta ce, "Ka taso. Ƙafafunsa sun fara sanyi."

Na sheƙa a guje yadda nake, hannuna baƙi da bagaruwa, ban ma san ina riƙe da fatar da nake aiki ba. Mutane suna darewa suna toshe hanci. Na faɗa ɗakin na durƙusa. Yana kwance, idonsa a lumshe. Na miƙa hannuna kusa da fuskarsa.

Hancinsa ya motsa. Ya ja numfashi, ya sake ja. Idonsa ya buɗe. Bai ce maraba ba. Fara'ar nan ta gushe, goshinsa ya tattare. Ya dube ni sau ɗaya, na san ya ga rumfa, ya ga fatake, ya ga buzu a ƙasa. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na jawo wa kaina.

Sai ya kawar da fuska ya juya ga bango. Hannunsa ya lalubo fatar da ke kan cinyata, ya murza ta tsakanin yatsu.

Ya ce, "Kande."

Ta ce, "Na'am, Baba."

Ya ce, "Ce wa wancan ya yi gaggawar fid da ita daga bagaruwa. Ba ta ƙoshi ba."

Kande ta toshe baki ta fashe da kuka. Ni ɗan fari ne. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya yi masa magana ido da ido. Tun da aka haife ni ta bakin wani yake aiko mini da magana, kuma "wancan" yake ce mini. Baƙo ake yi wa fara'a.

Na ce, "Kande, ki roƙar mini Baba gafara. Maganar buzu."

Ya daɗe bai motsa ba, har na zaci ya tafi. Sai na ga hawaye ya gangaro ya shiga kunnensa. Ya ce, "Ce masa na ji zafi. Ce masa na ji zafi ƙwarai." Ya yi numfashi da ƙyar. "Ya mayar da fatar ta ƙara kwana biyu. In ya kawo, mu gani."

Kwana biyun nan, jama'a, sun fi mini Garmaza tsawo. Ina zaune gaban kwatarniya ina juya fata, ina roƙon Allah ya ara wa tsohon nan numfashi. Sau uku na miƙa hannu zan fid da ita kafin lokaci, sau uku na janye. Da lokacin ya cika na wanke ta, na matse, na shafe ta da mai, na murza har ta yi laushi, na tafi da ita.

Yana da rai. Ba ya iya ɗaga hannu, sai Kande ta ɗora masa fatar a tafi. Yatsunsa suka bi ta daga wuya zuwa wutsiya, a hankali, suna neman inda kartaji ya huda. Ba su samu ba. Fuskarsa tana ga bango.

Ya ce, "Kande, ce masa ta yi." Ya huta kaɗan. "Ce masa na yafe."